Neman tsofaffin kuɗi da na'ura a wurin da aka ce an tatse: tambayoyi da amsoshi

Tun da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, na'urar neman ƙarfe ta zama abin da ko yaro ya sani a Adar. Samari sun haura arewa da ita, wasu sun dawo sun gina shago, wasu sun dawo da na'urar kaɗai da bashin kuɗin mota. Ni ina cikin na biyun. Ta yi kusan shekara biyu ƙarƙashin gado a nan Tawa, sai wata rana na ɗauke ta na je gonar kawuna in ga ko tana da sauran rai kafin in kai ta kasuwa. Ba ta ba ni zinariya ba. Kwabo mai huji ta ba ni, na 1920, ya yi baƙi ƙirin, kuma daga ranar ban ƙara zancen sayar da ita ba.

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yawan tare ni da su a fada, ko ranar Lahadi a kasuwa, ko ta waya. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara su wuri guda.

Malam, wurin da mutum goma suka riga suka bi da na'ura, akwai sauran abin samu?

Akwai. Mafi yawan abin kirkin da ke cikin akwatina daga irin waɗannan wuraren ya fito.

Ka fara tambayar kanka su wa suka bi. Galibi ƴan zinariya ne, hannunsu ya saba da hamada: babban faifai (zagayen nan na bakin sandar na'ura da ke shafar ƙasa), tafiya da sauri, lilo mai faɗi. Wanda ke tafiya haka yana barin tazara tsakanin lilo da lilo, alhali iyakar abin da faifai ke ji tana tsukewa ne gwargwadon zurfi. A saman ƙasa yana jin faɗinsa duka, amma a santimita 20 abin da yake ji bai fi tafin hannu ba. Sai mutum ya rantse ya share fili, nan kuwa ko rabin abin da ke ƙasa bai saurara ba.

Sai maganar ƙarfe. Duk wurin da mutane suka zauna cike yake da ƙusa, guntun wuƙa, marfin kwalba da gwangwani. In kuɗi na kwance kusa da ƙusa, na'ura ƙusar take ji, ta yi gum ko ta yi gurnani, mai ita ya wuce. Waɗanda suka riga ka sun kwashe manyan tarkacen sama, sun yi tsaki sun tafi. Aikin gayya suka yi maka ba su sani ba, don abin da tarkacen nan ya rufe yanzu ya buɗe.

Akwai kuma kuɗin da ya shiga ƙasa a tsaye, kan gefensa. Wannan muryarsa siririya ce, wani lokaci ta gefe ɗaya kawai ake jin ta. Ita ƙasar ma ba zaune take ba. Garma na juya ta, gara da gafiya na tono, iskar hunturu na kwashe yashi daga nan ta zuba can, ƙorama na cin gaɓa duk damina. Filin da ka bi bara ba shi ne na bana ba.

Na'urar da na dawo da ita daga arewa za ta yi wannan aiki?

Ya danganta da irinta. Manyan nan irin su GPX na Minelab an yi su ne don su kai nesa cikin ƙasa mai wuya, ba su iya rarrabe ƙarfe sosai ba. A tsohuwar kasuwa za su sa ka haƙa rami ɗari kan ƙusa ɗari kafin azahar. Ƙananan na zinariya kamar Gold Monster 1000, mai aiki kan kilohaz 45, suna jin ɗan ƙanƙanin abu ƙwarai, wato suna jin kowane guntun takardar sigari mai ƙyalli.

Wadda ta dace da kuɗi ita ce mai nuna lamba a fuska, mai bambanta sautin ƙarfe da na tagulla da azurfa, irin su Equinox, Deus ko Simplex. Amma kafin ka sayi sabuwa, sayi ƙaramin faifai. Na santimita 15 ya fi na santimita 28 amfani nesa ba kusa ba a wuri mai tarkace, saboda yana ratsa tsakanin ƙusa da ƙusa ya ji abu ɗaya a lokaci ɗaya. Zurfinsa bai kai na babba ba, gaskiya ne. Sai dai a wurin da aka tatse ba zurfi ne ke ɓoye kuɗi ba, cunkoso ne.

Yaya zan saita ta, kuma yaya zan yi tafiya?

Babban kuskuren da na daɗe ina yi shi ne na rufe ƙananan lambobi don in huta da tarkace. Ashe kuɗi nake korewa. Kwabo da anini na Ingilishi, da santim masu huji na Faransa, gaurayen jan ƙarfe da nikel ne, lambarsu na faɗowa daidai inda tarkacen sanholo ke faɗowa. Dala ashirin ta da, wadda aka fara bugawa a 1967, nikel ce zalla, mayen ƙarfe na kama ta, kuma na'ura kan karanta ta kamar ƙarfe. Azurfa babba ce kaɗai ke kuka da murya mai daɗi, ita kuwa waɗanda suka riga ka ba su bar ta a fili ba. Don haka buɗe komai, ka bar kunnenka ya yi hukunci.

In na'urarka tana da wurin ƙara saurin rabuwa da abu don ta ji na gaba, ƙara shi. Rage ƙarfin ji kaɗan in tana surutu. Sa abin kunne, ko da na waya ne.

Tafiya kuwa, zana fili taki goma kan taki goma da sanda, kada ka wuce shi sai ka gama. Faifai ya riƙa shafar ƙasa, kowane lilo ya hau rabin na baya. In ka gama daga gabas zuwa yamma, sake bin wurin daga kudu zuwa arewa. Sautin da ya maimaita kansa a wuri ɗaya, ko da siriri ne, ko da ya gauraya da gurnanin ƙarfe, haƙa shi. In ka ciro ƙusa kada ka rufe ramin sai ka sake ɗora faifai a kai. Sule na farko da na samu ƙarƙashin guntun hauya yake, da ban sake dubawa ba da yanzu yana can.

Taki goma kan goma yakan ci mini safiya guda. Wanda ya ga haka ya yi yawa, gara ya koma arewa.

Ƙasarmu ja ce, na'ura sai kuka take babu komai. Ta lalace ne?

Lafiyarta lau. Marmara da tsakuwar tudun Adar cike suke da tama, ga kashin tama da maƙeran da suka bari tuli-tuli a wasu wurare. Dole ka daidaita na'ura da ƙasar wurin kafin ka fara, ka kuma sake daidaitawa duk lokacin da ka fita daga jigawa ka hau fako. Dutse mai tama sautinsa shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da tsakiya, kuma in ka ture shi da ƙafa sautin ya bi shi. Sautin kuɗi gajere ne, a dunƙule.

Wane lokaci ya fi?

Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙa, na'ura ta fi ji kuma haƙa ya fi sauƙi. Amma damina lokacin shuka ce, ba wanda zai bar ka ka tattake masa hatsi. Shi ya sa na fi son ruwan farko kafin a yi shuka, da kuma bayan kaka in an kwashe kara. A watan Afrilu da Mayu, in rana ta ɗaga ka tattara ka koma gida. Zafin na cin batir, yana cin mai ita.

A ina ake samun kuɗi?

Inda aka ciro su daga aljihu ko daga bakin zane. Tsohon wurin kasuwar da aka tayar aka mai da wani wuri, gindin tsamiya ko gawo da fatake ke sauka, bakin tsohuwar rijiya, dandalin kokawa da wasan samari, tsohuwar tashar mota, wurin da ake karɓar lanho. Hanyoyin da suka nufi Ƙonni da Illela da Madawa sun fi yawan kuɗin Ingilishi, don ciniki da Sakkwato bai taɓa tsayawa saboda iyaka ba.

Ba taswira ce za ta nuna maka waɗannan ba, tsofaffi ne. Je ka gai da su da goro, ka zauna, kada ka fara da zancen na'ura. Tambayi inda kasuwa take lokacin suna yara. Wata tsohuwa ta taɓa gyara mini kuskuren shekara guda da magana ɗaya: ta ce ai ƴan goro ba nan suke zama ba, can bayan kukar suke.

Doka ta yarda?

A nan nake son a saurare ni da kyau. Nijar na da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihi da al'adu. Tonon kayan tarihi sai da izinin hukuma, wanda ya ci karo da su bisa tsautsayi wajibi ne ya sanar, kuma ba a fita da su ƙasar waje haka kawai. Tsinto kwabon 1950 a gonar kawunka daban, shiga tsohon kufai ko makabarta da dagi daban. Na biyun ba na yi, ba na kuma raka mai yi.

Mun ga abin da ya faru a Bura, yankin Tera. An gano wurin a 1975, Bube Gado da mutanen cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Yamai suka yi aikin tono na ilimi a 1983, bayan haka ƴan kasuwa suka far wa yankin, tukwane da mutum-mutumin yumɓu suka watse cikin duniya. Abin da aka tone babu rubutu ya tafi da labarinsa har abada.

In ka ga tukunya a binne, ƙasusuwa, duwatsun wuya ko kayan tagulla na da, tsaya, rufe, ka sanar da maigari ko magajin gari, su kai maganar gaba. IRSH da gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama a Yamai su ne masu wannan aikin. Kafin ka taka gonar mutum nemi izininsa, ku yi maganar rabo tun ba a samu komai ba, ka kuma rufe duk ramin da ka haƙa kada ƙafar jaki ta karye a kanka. A halin tsaron da ake ciki, baƙon mutum da na'ura a bakin hanya abin tuhuma ne, don haka maigari da jandarma su san da kai. Wajen Tiliya da Tasara kuwa, ba wurin wannan wasa ba ne yanzu.

Me ya sa ban taɓa samun kuɗin zamanin sarakuna kafin Turawa ba?

Don kuɗin lokacin wuri ne, na'ura kuwa ba ta jin wuri. Ƙwanson wata dabbar teku ne da ake kawowa tun daga tsibiran Maldib a tekun Indiya. Barth, Bajamushen nan da ya ratsa Agadas a 1850 ya isa Kano a 1851, ya tarar ana canza azurfa guda ta Turai a wuri 2,500. Ka ga mai ciniki babba sai da jaki. In kana haƙa ka ga wuri an fasa bayansa, ɗauka ka ajiye, alama ce kana kan wurin ciniki. Ni ina tafiya da ƴar rariya saboda su.

Kuɗin ƙarfe na gida an yi, amma ba masu zagaye ba. Ibn Battuta ya zo Takadda a 1353, wadda masana ke dangantawa da Azelik ta yankin Ingal, ya ce ana narka jan ƙarfe a yi sanduna, masu kauri 400 a miskalin zinariya, sirara 600 ko 700, ana sayen nama da itace da hatsi da su. Irin wannan in ya fito ba naka ba ne na sa wa a akwati, na masana ne.

Na samu babbar azurfa mai hoton mace, an rubuta 1780. Ta shekara fiye da 200 ke nan?

Wannan ce tambayar da ta fi sa ni ɓata wa mutane rai. Matar Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780. Saboda ƴan kasuwar Larabawa da na Afirka sun amince da kuɗin, ba sa son a canza masa ko ɗigo, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zuwa zamaninmu. Bayan Biyana, babban birnin Ostiriya, an buga shi a Rum, Landan, Paris, Burusel, Bamingam da Bombai, musamman daga 1935 zuwa lokacin yaƙin duniya na biyu. Saboda haka 1780 ba ta gaya maka shekarar bugu. Sunansa a Turai tala, dangin kalmar dala da muke ƙirge da ita.

Na gaske nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, faɗinsa wajen milimita 40, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000. A baya akwai mikiya mai kai biyu, a ƙarƙashin hoton matar akwai haruffa S.F., a gefe kuma rubutu mai tudu, IUSTITIA ET CLEMENTIA. Kai shi wurin maƙerin farfaru ya ɗora a ma'auninsa. Na jabu yakan gaza nauyi, rubutun gefensa a dagule, in ka ɗora shi kan yatsa ka ƙwanƙwasa ba ya doguwar ƙara.

Kada ka rikita shi da dalar Faransa ta azurfa, faran 5, mai giram 25 da milimita 37, azurfa kashi 900. Ita shekarar da ke jikinta gaskiya ce. Za ka ga kan Luwi Filib, ko Napoliyon na Uku, ko wani ƙaƙƙarfan namiji tsaye tsakanin mata biyu, wanda aka buga da yawa daga 1873 zuwa 1878. Ƙaramin harafi yana nuna garin bugu: A Paris, K Bordo, BB Sitirasbur, W Lil. Na Beljiyam da Italiya masu wannan nauyin su ma sun yi yawo tare da ita, don ƙasashen sun haɗa ma'aunin kuɗinsu tun 1865. Wannan ce dalar asali. Har yau in ka ce dala biyar kana nufin faran 25, in ka ce jika kana nufin dala 200, lissafinta kake yi.

Abin da ya sa suke wuyar samu ba ɓoyayye ba ne: wanda ya yar da dala sai ya tankaɗe ƙasar wurin ya gano abarsa, sauran kuma maƙera sun narke sun yi zobe da mundaye da tanaƙilt, abin wuyan azurfa na Agadas.

Mai huji a tsakiya, na Ingila ne ko na Faransa?

Duba tauraro. In akwai tauraro mai tsini shida kewaye da hujin, ɗaya fuskar da kambin sarauta da rubutun Larabci, na Ingilishi ne, za ka ga BRITISH WEST AFRICA. Babban, mai wajen milimita 31, shi ne kwabo. Ƙaramin mai wajen milimita 20 shi ne anini, goma ke yin kwabo, shi ne na "ba ni da ko anini". An fara su a 1907, aninin farko na sanholo ne, kuma na shekarun farko suna ɗauke da sunan NIGERIA a gaba. Fari-fari ne har zuwa 1952 da kwabo ya koma na tagulla ja. Babu hoton sarki, sunansa kawai. Ƙananan haruffa H ko KN na nuna masana'antun Bamingam biyu da suka buga.

Wanda ya samu na 1936 mai sunan EDWARDVS VIII yakan ɗauka ya tsinci dami a kala, tunda sarkin bai cika shekara a gado ba ya sauka. Labarin na da daɗi, amma an buga su da yawa, ba su da tsada.

Taro, sisi, sule da sule biyu ba su da huji, suna da kan sarki, an fara su a 1913 da azurfa, daga 1920 suka koma ruwan tagulla. Sule da sule biyu bishiyar kwakwar manja ce a bayansu. Na 1959 an rubuta FEDERATION OF NIGERIA, naira da kobo kuma sun shigo a 1973.

Na Faransa mai huji babu tauraro. Haruffa R da F ne a gefe da gefen hujin, da ƴar hula a sama, santim 5, 10 ko 25. In kuma hujin ba a tsakiya yake ba, yana kusa da baki, ko an like masa ƴar kunne, to ba masana'anta ta yi ba. Wata ce ta rataya shi a kitso ko a wuya.

Mai kan barewa fa?

Waɗannan su za ka fi samu. Tamma da tamma biyu, wato faran 1 da faran 2, na sanholo, marasa nauyi kamar ganye, na 1948, an rubuta AFRIQUE OCCIDENTALE FRANÇAISE. Sefa kanta an ƙirƙire ta ranar 26 ga Disamba 1945. Dala, dala biyu da dala biyar masu ruwan ɗorawa sun fito a 1956, a 1957 an ƙara wa dala biyu da dala biyar sunan Togo. Bayan nan rubutun ya koma na bankin ƙasashen yammacin Afirka, da alamar nan mai kama da kifi mai zarto, wadda asalinta ma'aunin zinariya ne na mutanen Akan. Dala goma ta zo a 1972, dala hamsin mai launi biyu a 1992, dala arba'in da dala ɗari a 2003.

Karanta kalmar tsakiya da kyau. In ka ga EQUATORIALE, ko kawunan manyan dabbobi uku masu ƙaho maimakon ɗaya, ta wajen Cadi ko Kamaru ya zo. Haka nan za ka riƙa cin karo da na Gana masu kan Nkuruma na 1958, da pesewa, da na Aljeriya da Libiya. Ni waɗannan suna burge ni fiye da darajarsu, don tarihin biɗar Adarawa ne kwance a ƙasa: kakanni Kumasi, iyaye Abijan, ƴaƴa Tamanrasat da Sabha.

Rubutun Larabci ne duka, yaya zan san shekara?

Yawanci tsarabar alhazai ce, na Saudiyya, Sudan, Masar ko na daular Usmaniyya, tun lokacin da ake tafiya Makka ta ƙasa. Shekarar hijira ce. Ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1327 ta ba ka 1909. Ka lura da lambobi, biyar ta Larabci kamar sifili take, shida kamar bakwai ɗin boko, sifili kuwa ɗigo ne.

Na Usmaniyya da na Masar na wancan zamani, masu sa hannun sarki a murɗe kamar igiya, suna da tarko. Babbar shekarar ta hawan sarki ce, ƙaramar lamba a wani gefe ita ce shekarunsa a mulki. In ka ga 1293 da 10, haɗa su ka cire ɗaya, 1302 ke nan, wajen 1885. Na Maroko kuwa sukan rubuta shekarar hijira da lambobin boko, sai mutum ya ga 1321 ya ɗauka ya samu abin shekara 700.

Da me zan wanke?

Ruwa, sabulu kaɗan, tsohon buroshin haƙori, da tsinken itace. Shi ke nan. Ban da toka, ban da yashi, ban da lemun tsami, ban da ruwan batir. Na taɓa jiƙa anini uku cikin tsami kwana ɗaya bisa shawarar wani, da safe na tarar sun yi ja sun yi ƙuraje, shekarar ɗaya ta tafi gaba ɗaya. Baƙin da azurfa ta yi da koren da ya kwanta sumul a kan tagulla ba datti ba ne, masu saye ma sun fi son su haka. Koren da ke zuba kamar gari shi ne ciwo, ware wannan daga sauran, ka busar da shi sosai.

In rubutu ya shafe, haska tocila daga gefe cikin ɗaki mai duhu, haruffa za su taso. Auna faɗi da nauyi, gwada mayen ƙarfe. Da waɗannan uku kaɗai ana gane yawancinsu. Kowane ɗaya ka sa shi cikin ƴar takarda, ka rubuta rana, wuri da zurfi. Leda mai laushi na sa su gumi su yi kore.

Nawa za a saya?

Kaɗan. Kwabo, anini, tamma da santim an buga su miliyoyi, wanda ya kwana shekaru cikin ƙasa kuma ya riga ya ci jiki. Azurfa ce ke da ƙasan farashi, wato nauyinta: giram 23 da ɗoriya na azurfa zalla a ta Mariya Tereza, giram 22 da rabi a dalar Faransa. Wanda ya shiga wannan harka don ya mai da kuɗin na'ura zai daɗe bai mayar ba.

Ka kuma yi hattara da masu kiran waya su ce wani Bature na neman kwabo mai huji da miliyoyi, wai yana jan shinkafa ko yana da wani sinadari a ciki, sai dai ka fara biyan kuɗin gwaji. Su ne dai masu zancen tsohon keken ɗinki da dutsen guga na gawayi. Kwabo jan ƙarfe ne da nikel, babu abin da yake ja sai kuɗin aljihunka.

A addini, abin da na tono halal ne?

Malamanmu na Malikiyya sun raba biyu. Dukiyar da aka binne tun zamanin jahiliyya ita ce rikazi, hadisi ya ce a fitar da humusi, kashi ɗaya cikin biyar. Wadda ke da alamar ta Musulmi ce hukuncinta na tsintuwa ne, a yi cigiya shekara guda. Kwabo ɗaya da ya faɗi a kasuwa shekara 90 da suka wuce ba shi da mai nema, amma tukunyar daloli a kangon gidan da jikokin mai shi ke raye magana ce babba. Kai ta gaban malami da mai gidan, kada ka yanke wa kanka hukunci da dare.

Ba ka tsoron masu wurin?

Ana yawan yi mini wannan da murya ƙasa-ƙasa. Ina yin bisimilla in fara, ba na aiki bayan magariba, ba na taɓa gindin itacen da mutanen gari suka ce a bari. Abin da ya taɓa kora ni da gudu dai kunama ce, cikin ramin da na zura hannu babu safa.

Na ciro harsashi. In ajiye?

Kwanson da aka riga aka harba, fanko, ba ya komai, kuma lambobin gindinsa kan nuna shekarar da aka yi shi. Ana samun na bindigogin sojan Faransa a wuraren da suka yi bariki ko zango. Amma wanda ke da kansa, ko wani ƙarfe mai nauyi mai siffar kwalba ko gwangwani da ba ka gane ba, kada ka ƙwanƙwasa, kada ka ja, kada ka kai wa maƙeri. Tsufa ba ya kashe albarushi, ƙara masa saurin fushi yake. Cire hannunka, sa alama da duwatsu daga nesa, hana yara zuwa, ka kira jandarma.